Jerin shekaru ko taswira: koya wa 'yan ƙaramar sakandare tasowar Amurka

Hanya ta farko ita ce ta allo. Malam ya jera shekaru, yara su kwafa: a 1803 Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga Faransa kan dala miliyan 15, a 1898 ta ci Sifaniya da yaƙi ta karɓe Filifin, a 1914 aka buɗe mashigin ruwan Panama. Ga sauri, ga sauƙin jarrabawa. Amma da an dawo hutu, sai ka tarar duk ta bi ruwa.

Ta biyu taswira ce. Ka kira yaro gaban aji, ka ce ya ɗora yatsa a Niyok, a gaɓar gabashin Amurka, ya kai jirgin ruwa San Faransisko, a gaɓar yamma. Zai yi ta gangarawa har ƙarshen Amurka ta Kudu kafin ya juyo, 'yan baya suna ta dariya. Sai ka nuna masa siririn wuyan Panama. Nan take zai gane abin da ya sa Amurka ta nace sai ta haƙa shi, don kasuwanci da jiragen yaƙi.

Ni dai ta biyun nake bi, ko da yake tana cin darasi biyu, kuma a babban aji 'yan baya ba sa hango taswirar sai an zagaya da ita benci-benci.