Awon igiya, takardar grant ko satifiket: wanne fili za ka saya?

Dillali yakan kawo maka filaye uku a unguwa ɗaya, girmansu ɗaya, kuɗinsu ya sha bamban. Bambancin yana cikin takarda. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka abin da kake saya izinin zama ne da amfani da wurin. Gwamna ke bayar da shi a birni, ƙaramar hukuma kuma a karkara.

Filin awon igiya ya fi araha. Mai gona ne ya yanka gonarsa, aka rubuta takardar ciniki da shaidu, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu. Takardar tana nuna ka biya kuɗi, amma sunanka ba ya cikin rajistar gwamnati. A nan aka fi samun fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu, ko wanda ya hau hanya, ko ya faɗa inda gwamnati ta riga ta karɓe. In gonar gado ce, nemi takardar rabon gado daga kotu, kuma kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidan aure. Ɗaya ya ce ba da yawunsa ba, shari'a ta taso.

Takardar grant, wadda ake kira R of O, shaida ce cewa gwamnati ta ba wani filin a tsarinta, da lamba da sharuɗɗa. Duba ko an biya kuɗin ƙasa na shekara-shekara, domin bashin da ya taru kanka zai dawo.

Satifiket, wato C of O, shi ya fi tsada, shi kuma banki ke karɓa a jingina. Na gidan zama yawanci shekara 99 ne, sai ka lissafa abin da ya rage. Ga inda masu saye da yawa ke tuntuɓe: karɓar satifiket mai sunan wani bai mayar da fili naka ba. Sashe na 22 na dokar ya wajabta amincewar gwamna kafin a sauya mai fili, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar rusasshe ne. Lauya zai rubuta takardar miƙa mallaka, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista.

A Amurka mai sayen gida yakan biya inshorar mallaka sau ɗaya, ta kare shi idan tsohon bashi ko jabun takarda ya ɓullo daga baya. A nan garkuwarka bincike ne kafin biya. Kai lambar fayil ɗin filin hukumar rajistar filaye ta gwamnati, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a tabbatar da sunan mai fili da ko yana jingine. Ɗauki safiyo ya gwada lambobin turakun iyaka da na taswira. Nemi ganin asalin takarda: wanda ya ce kwafi kawai gare shi, wataƙila asalin yana banki.

Mai niyyar gini nan kusa ko neman rance, satifiket ya fi masa. Wanda ƙarfinsa awon igiya ne, ya ware kuɗin safiyo da na neman satifiket tun ranar ciniki, ya kuma kewaye filin da wuri.