Masu tarbar baƙi da muka ɗauka a bikin ƙanwata a Garwa ta Kamaru

Masu tambaya ta ko ɗaukar 'yan furotokol, wato masu tarbar baƙi, a biki asarar kuɗi ne, gaskiya ni dai ban ga asara ba, amma akwai gyara. Wata ƙungiya muka ɗauka ta nan wajen Roumdé Adjia, samari da 'yan mata cikin anko, rabin kuɗi ta Orange Money sauran bayan an tashi.

Abin da ya fi burge ni harshe ne. Kun san bikin Garwa, wannan Fulatanci wancan Faransanci, ga dangin ango sun zo daga Yola da Hausa da Turanci, yaran nan kowa da yaren da za su tarbe shi, su karɓi kati su raka shi har kujera, tsofaffi kuma a riƙe musu hannu a kai su kusa da fanka saboda zafin Afrilu ba wasa. 'Yan Yola sai kiransu suke usher, wai a Turanci sunan mai tsaron ƙofa ne da mai nuna wurin zama a coci ko silima ko kotu, har abokan ango ma. Asalinta ɗaya da huissier na Faransanci, wanda mu nan in ka ji yana sallama da takardar kotu sai cikinka ya ɗuri ruwa.

To matsalar a ƙofa take. An ce musu ba kati ba shiga, su kuma suka riƙe maganar kamar aya, suka tsayar da goggonmu a rana kusan a yi rigima, tana cewa ni da na yi wa uwar amarya wankan jego za a tambaya kati? Yarinyar ta ce yi haƙuri Hajiya umarni aka ba mu. Ban ga laifinta sosai ba, ba ta san dangi ba. Sannan wajen rabon abinci da foleri, wato zoɓo, sun ɗan rikice, teburin baya sai da suka yi ta ɗaga hannu.

Zan sake ɗaukarsu, amma sai na ajiye wani ɗan gida a ƙofa wanda ya san fuskar kowa, kuma a yi magana tun farko ko rabon abinci na cikin aikinsu, don mu sai a ranar muka ji wai wannan kuɗinsa daban.