Raƙumin Sudan ko madatsar Aswan: da wanne za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka fara tara kan sarki na ƙasashen hamada, amma ka rasa inda za ka sa ƙafa: masu hoton raƙumi ko masu tunawa da ayyukan raya hamada. Ni dai na riƙe duka biyun, kuma zuciyata tana wajen raƙumi.

Na ayyukan raya ƙasa sun fi sauƙin hawa. Masar ta buga na madatsar ruwa ta Aswan, wadda aka fara a 1960 aka gama a 1970; za ka ga an rubuta UAR a jikinsu, sunan da ƙasar take amsawa a lokacin. Libiya ma ta buga da yawa a kan aikin da ta ƙaddamar a 1984 na janyo ruwan ƙarƙashin Sahara zuwa biranen gaɓar teku. Kowanne da ranarsa da dalilinsa, jera su kawai za ka yi.

Raƙumin Sudan kuwa sai ka zauna. A Maris 1898 ya fito, zanen wani hafsan Ingila, Stanton, bisa umarnin Kitchener, kwamandan sojojin Ingila da Masar a Sudan. Mai kai wasiƙa ne a kan raƙumi yana sheƙa gudu. Sa gilashin ƙara girma a kan jakunkunan, za ka karanta sunayen garuruwa biyu, Khartum da Berber, alhali Khartum ba ta shiga hannun Turawa ba sai Satumbar shekarar. Ranar da na fara gano wannan rubutu, na daɗe ban ajiye gilashin ba.

Sai ka ɗaga shi ga haske. Na farko suna da alamar fure a cikin takardar. Da aka ce ta yi kama da gicciye, aka sauya ta da tauraro da jinjirin wata a 1902. Ka ga biyu iri ɗaya a ido, amma shekaru ne tsakaninsu. Nan ne ido yake koyon aiki: launi, haƙoran gefe, hatimin garin da aka aiko shi.

Abu ɗaya da za ka lura: wannan raƙumi na aika wasiƙar yau da kullum ne, ba na tunawa da wani abu ba. In na tunawa kake nema lallai, nemi na 1948, wanda aka buga da zanen ya cika shekara 50. Fara da shi, kuma don Allah da hantsaki za ka ɗauka, gumin yatsa yana ɓata gam ɗin bayansa.