Sharhi kan hannun jarin BCA, bankin da ke hannun masu sigarin Djarum

Mai son zuba kuɗi a Djarum kai tsaye ba zai samu ƙofa ba, domin kamfanin sigarin da aka kafa a Kudus, ƙasar Indonesiya, a 1951 na iyalin Hartono ne, ba ya kasuwar hannun jari, ba kuma dole ya bayyana ribarsa ba. Ƙofar da ke buɗe ita ce bankin BCA (Bank Central Asia), wanda iyalin suka shiga a 2002, kuma a yau suke riƙe da kusan kashi 55 cikin ɗari ta kamfaninsu Dwimuria.

Ƙarfin bankin yana cikin arahar kuɗin da yake juyawa. Kusan kashi 80 na ajiyarsa asusun yau da kullum ne da na tanadi, waɗanda ruwan da ake biya a kansu bai taka kara ya karya ba, sai a ba da su rance da riba mai kauri. Ƙarin harajin sigari, kamar na kashi 10 a 2023 da 2024, ba ya taɓa wannan.

Ana sayen hannun jarin bankin a kasuwar Jakarta da lambar BBCA, guda 100 mafi ƙaranci. Amma akwai tsada, kuma baƙo na biyan harajin kashi 20 kan rabon riba in babu yarjejeniyar haraji tsakanin Indonesiya da ƙasarsa. Faɗuwar rufiya, kuɗin Indonesiya, ma tana cin riba. Blibli, kantin intanet na iyalin Hartono da ya shiga kasuwar hannun jari a 2022, ya daɗe yana asara. Kada a sa shi da BCA a ma'auni ɗaya.