Motar haɗa-da-kanka: kayan sun yi, littafin ne ya gaza

Kayan da na saya daga wani ƙaramin kamfani a nan Ingila na mota ce mai kujera biyu, irin fasalin Lotus Seven da Colin Chapman ya fitar a 1957. Su ke kawo shasi da gangar jiki da ƙafafu. Inji da giyabos da aksul na baya kuwa kai za ka ciro daga tsohuwar Mazda MX-5. Waldar shasin ba abin kushewa, kuma kayan sun iso cif. Matsalar duk tana cikin littafin haɗawa, wanda da gani ka san mutumin da ya haɗa motoci da yawa ne ya rubuta shi, har ya manta abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai.

Ga misali. An yi wa shasin fenti mai kauri na hoda, ya shiga ramuka ya toshe su, ƙusa ta ƙi wucewa. Littafin bai ce uffan ba. Maganin shi ne ka bi kowane rami ka kankare kafin ka ɗora komai. Fentin nan ne kuma ya sa fitilun baya suka riƙa wasa, ka taka birki sigina ta kama, don wayar da ke komawa jikin ƙarfe ba ta taɓa ƙarfen ba. Ana goge wurin har ya yi ƙyalli aka ɗaure, shi ke nan.

Aksul na baya ya fi komai cin rai. Ramukan ba sa haɗuwa sai an bar duk notuna a sake, a tallafe shi da jak, a zura siririn ƙarfe a jawo ramin, sannan doguwar ƙusar ta shige. Da na kira kamfanin a waya, bakaniken ya ce, "Kada ka ɗaure ko ɗaya sai duk sun shiga." Ya ƙara da cewa notunan ƙafafu ma sai mota ta sauka kan tayoyinta ake matse su, in ba haka ba robobin bushin su murɗe su mutu da wuri. To, me ya hana a rubuta wannan? Amma dai a waya ba su da rowar bayani, wannan na yaba musu.

Inji da giyabos tare suke shiga, a karkace, kuma aikin mutum biyu ne.

Kafin a ba ka lamba sai motar ta ci gwajin IVA, wato binciken da ake yi wa irin wannan mota kafin ta hau titi, na DVSA, hukumar da ke duba lafiyar motoci a nan. Can ana duba duk gefe mai kaifi da zai iya yankar mai tafiya a ƙasa, ƙarar salansa kuma kada ta wuce desibel 99. Saboda kaifin nan, ka sayi hulunan roba na rufe notuna tun da wuri.

Wanda ya taɓa sauke inji ko canza kulochi zai ji daɗin kayan nan. Wanda bai taɓa riƙe sifana ba, ya nemi wanda zai tsaya masa kafin ya biya kuɗi.