Wasiƙa daga Ingila: kayan aiki, haya da rumbun hotuna

Maigida, gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da yaran shago. Kun ce in ba ku labarin yadda sana'armu ta ɗaukar fim take a nan, to ga abin da idona ya gani.

Kamarar da muke riƙewa a Kano ita ce dai a hannun mutane da yawa a nan. Abin da suka fi mu shi ne abin da ke kewaye da ita. Masu shirya fina-finan gaskiya, wato dokumentari, da yawansu ba sa sayen manyan kaya, haya suke ɗauka. Ka yi oda ta intanet da yamma, da safe akwatin na jiranka, batura cike, an goge gilasai, ga takarda da aka jera kowace waya a ciki. Amma ba mai miƙa maka sai ka nuna inshora. A gida sanayya da amana ke tsaya wa mutum, kuma wallahi ina kewar wannan, domin yaro mai basira marar ko sisi ya fi samun hanya a wurinmu.

Sauti kuwa sana'a ce mai zaman kanta. Mutum guda ba ya komai sai riƙe makirufo da saurare, in firji na ƙara a ɗakin sai ya sa a kashe kafin a fara hira. Mu da muke ɗauka janareto na ruri a bayan gida, nan ne aka bar mu a baya.

Kuɗin shirye-shiryen al'adu da fasaha na BBC daga lasisin talabijin yake fitowa, wanda gidan da ke kallo ke biya duk shekara. A 2025 ya kai fam 174.50. Tashar talabijin ta Channel 4 kuma, tun kafuwarta a 1982, kamfanoni masu zaman kansu take ba kwangila su shirya mata. Sai dai kada yara su ɗauka aljanna ce. Yawancinmu aikin kwangila muke, wata uku ana yi, wata biyu ana zaman jira, kuɗin haya kuma ba ya jira. A watan Yuni ake taruwa a bikin DocFest na garin Shefil, kowa da shirinsa a baki yana neman mai zuba kuɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne adana. Cibiyar fina-finai ta Birtaniya, wato BFI, ta fara tara faifai tun 1935, kuma tana da rumbu a ƙauyen Gaydon inda ake ajiye su cikin sanyin digiri 5 ƙasa da sifili don kada su ruɓe. Hawan dabar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956 yana nan a rumbun British Pathé, kamfanin da ke adana tsofaffin fina-finan labarai, dawakai da lifidi da 'yan kwalkwali tar kamar jiya aka ɗauka. Kallo kyauta ne, amma in za ka sa a fim ɗinka sai ka biya kuɗin izini.

Shi ya sa nake roƙonku, Maigida, kaset-kaset ɗin nan na hawan sallah da hirarrakin makaɗa da ke cikin kwali a bayan shago, a fitar da su daga zafi da ƙura. Zan aiko da na'urar juya su zuwa kwamfuta da ma'adana biyu, a yi kwafi biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. A fara da na tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya.