Neman tsohuwar Datsun a Saudiyya: abin da na gano

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ga bayani kan akori-kurar da ka ce in nemo maka, Datsun 620 irin wadda marigayi Baba ya yi jigilar gyaɗa da ita. Na rubuta shi a fili saboda abokanka biyu ma sun yi mini irin wannan tambaya.

Motar akwai ta. An ƙera samfurin daga 1972 zuwa 1979, kuma Saudiyya na cikin ƙasashen da ta cika. Mutanen nan suna ce mata "dadsan". Ko bayan da kamfanin Nissan ya ajiye sunan Datsun a sauran duniya cikin shekarun 1980, a nan sunan bai mutu ba, har gobe da shi suke kiran akori-kurar Nissan. Sai dai mu da su ba abu ɗaya muke saye ba in mun tsaya gaban tsohuwar mota.

A Kano, kana zuwa ganin tsohuwar Fijo 504 abin da za ka ce shi ne a tayar da ita. In inji ya yi ƙara mai daɗi, ba hayaƙi, giya tana shiga, an gama rabin ciniki. In mai ita ya sake mata fenti, kuɗinta ya ƙaru. A nan sabon fenti rage kuɗi yake yi. Tambayarsu ta farko ita ce ko fentin na wakala ne, wato na kamfani tun fitowarta. Na ga wani dattijo a bayan garin Jidda ya zagaya wata samfurin 1978 da ɗan maganaɗisu a hannu, yana manna shi a ƙofa da gefen bodi. Inda ya ƙi kamawa ya san an cike wajen da maajun, abin da masu gyaran jikin mota na gida suke kira fila. Bai ko nemi makulli ba. Ya ɗaga tabarmar ƙasa, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya duba lambar shasi, ya yi sallama ya tafi. Motar kuwa tana sheƙi kamar amarya.

To ka ga kuɗin ya rabu gida biyu. Wadda ta sha aiki a gona, ta ci fenti sau uku, na ga ana taya ta riyal dubu 9 zuwa dubu 12. Wata mai fentin asali da kujerarta ta asali, mai ita ya ce ba zai saurari ƙasa da dubu 45 ba, kuma bai yi kama da mai gaggawar sayarwa ba. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala ɗaya, saboda haka ka lissafa da canjin ranar da ka karanta wannan, don naira ba ta zama wuri ɗaya.

Yawancin cinikin a manhajar Haraj ake yi. Mai mota ya sa hotuna, masu saye su riƙa tayawa a ƙasa kowa yana gani, shi kuma ya faɗi haddinsa, inda ba zai sauka ƙasa da shi ba. Gaskiya wannan ya fi mini tsarin dillalanmu, inda mota ɗaya sai ka tarar da mutum biyar kowa ya ɗora nasa kafin ka ga fuskar mai ita. Amma hoto ba ya nuna tsatsa. Motar Jidda, saboda gumin teku da gishiri, ƙasanta a cinye yake. Masu hankali Riyad ko Ƙasim ko Ha'il suke nufa, inda iska a bushe take, rana ta ƙone fenti da robobi amma ƙarfe yana nan garau.

Takarda ita ce babbar matsala. Mai iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, irina ba ya mallakar akori-kura yadda ya ga dama, domin ana lissafa ta cikin motocin ɗaukar kaya, kuma dokar Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ta taƙaita wa baƙi ita. Da yawa daga tsofaffin nan ma istimararsu, wato takardar rajistar mota, ta ƙare shekara da shekaru, sai an biya abin da ya taru, an kai ta fahas, wurin duba lafiyar mota, ta ci gwaji, kafin a sauya suna ta manhajar gwamnati ta Absher. Wani ya ba ni shawarar in sa sunan ɗan ƙasa, na ce a'a, dukiyarka ba za ta zauna da sunan wani ba. Ko an tsallake duk wannan, kwastan na Najeriya sun ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, kuma motar 1978 ta yi wa iyakar nan nisa. Ga kuɗin jirgi daga tashar Jidda zuwa Legas, ga na ɗaukowa zuwa Kano.

Inda nan ta fi gida shi ne kayan gyara. A tashlih na Buraiman da ke Jidda, filin da ake kwance matattun motoci, na sami fitilun baya guda biyu da madubin gefe da kaburetar wannan samfurin, kuma aka ba ni kwanaki in dawo da su in ba su yi ba. A Ƙofar Ruwa ko Fantekar Kaduna sai ka yi sa'a. Kuɗin hannu kuma akasin haka ne. Abin da mai fenti a Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota ta nan, ya nema don jikin motar kaɗai, ko a kasuwar canji mafi muni, zai biya makaniki da mai walda da mai kujera a Kano har a yi ragi. Sannan namu sun fi haƙurin ƙera abin da babu, na nan in ba su sami sabo ba sai su ce ka dawo.

Shawarata ka nemi gangar jikin a gida. Ka sa a bincika maka ƙauyukan Jigawa da Katsina da wajen Maraɗi, ƙasar ma busasshiya ce, kuma ba za a rasa wadda aka jingine a bayan gida ba. In ka samu, ka turo mini hoton lambar shasi da ta inji da jerin abin da ya ɓata. Ƙananan kaya zan ba 'yan Umara su taho maka da su, manya kuma in haɗa su a kago.

A gaida Hajiya da yara.